Takardar Shaidar Walda ta Duniya da Matsayin Masu Sana'ar a Yola da Jimeta

1.0 Gabatarwa

Walda tana cikin sana'o'in da suka shigo ƙasar Hausa da maƙwabtanta tare da injuna da wutar lantarki, hasali ma sunanta aro ne daga Ingilishi. Sai dai ko da ta zo ta tarar da maƙera sun daɗe suna haɗa ƙarfe da ƙarfe, ta hanyar gasa su da zugazugi har su yi taushi, sannan a ɗora a kan uwar maƙera a daka da masaba. Abin da walda ta kawo sabo shi ne narkar da bakin ƙarafan biyu da zafin lantarki ko na iskar gas, a cike tsakaninsu da narkakken ƙarfe, idan ya huce su zama abu guda. Wannan layi da ya haɗa su shi za a riƙa kira ɗinki a cikin wannan maƙala.

Manufar maƙalar ita ce bayyana abin da ake nufi da takardar shaidar walda da duniya ta amince da ita, da yadda ake samun ta, da kuma abin da ke tsakanin mai walda na Jimeta ko Yola da wannan takarda. Batun ya cancanci a tsaya a kansa, domin da yawa daga cikin masu sana'ar suna ɗaukar ta tamkar satifiket ɗin makaranta, wanda in mutum ya samu ya samu ke nan har ƙarshen rayuwarsa. Za a ga cewa shaida ce ƙuntatacciya a kan wani irin ɗinki ayyananne, mai wa'adi, wadda ke mutuwa idan aka bar aiki da ita.

2.0 Walda a Jimeta da Yola

Modibbo Adama ya kafa Yola a shekarar 1841, ta zama mazaunin Lamiɗo. Jimeta kuwa a bakin kogin Binuwai ta girma, a matsayin mashigar jiragen ruwa da kamfanonin Turawa ke turowa da damina idan kogi ya cika. Da Yola ta zama hedkwatar Jihar Gongola a 1976, sannan ta Jihar Adamawa a 1991, sai ofisoshi da kasuwanci da gine-gine suka fi taruwa a Jimeta, kuma duk inda gini ya yawaita mai walda ba ya rasa aiki. Wanda ya bi ta Jambutu ko Dubeli ko hanyar Numan zai ga rumfunan masu walda a bakin titi, ga ƙofofi da tagogi an jingine, ga gadaje da kujerun makaranta, ga hasumiyar tankin ruwa, ga kurar 'yan garuwa. Wasu kuma sun fi karkata ga injunan niƙa da na surfen shinkafa da garmar shanu, ko gyaran bodin manyan motoci.

Akasarin waɗannan mutane a hannun maigida suka koyi aiki. Uba kan kai yaro wurin wanda ya amince da shi, yaro ya fara da aike da riƙe ƙarfe da goge ɗinki, a hankali a ba shi yanka da awo, daga baya a miƙa masa abin riƙe sandar walda. Bayan wasu shekaru maigida ya yaye shi a gaban jama'a da addu'a, wani lokaci har da takardar da shago ko ƙungiyar masu sana'a ta buga. Wannan tsari ya fitar da gwanaye na gaske, kuma shaidarsa mutunci ne da sanayya: an san wane yaron wane ne, an kuma ga ƙofar da ya yi shekara goma ba ta ɓalle ba. Illarsa ita ce irin wannan shaida ba ta tafiya nesa. Injiniyan da ke ɗaukar ma'aikata a Fatakwal ko Legas bai san maigidan ba, bai kuma ga ƙofar ba.

Akwai kuma takardun hukuma na cikin gida. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana shirya jarrabawar sana'a mai matakai uku, ana farawa daga na 3 a haura zuwa na 1. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992 da mazauni a Binin, ita ta gaji jarrabawar City and Guilds ta Ingila a kwalejojin fasaha, irin na Yola da Numan da Mubi. Sama da nan akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi tun 1979, da ta Jihar Adamawa da ke Yola tun 1991, da Jami'ar Modibbo Adama da aka kafa a 1981 da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya. Duk waɗannan takardu suna da amfani wajen neman aikin gwamnati ko ci gaba da karatu. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ke ba mutum izinin ɗinka bututun gas, ko da kuwa digirin injiniya ne.

3.0 Abin da ya sa ake neman shaida

Ɗinkin walda yana iya yin kyau a ido alhali cikinsa ruɓaɓɓe ne. Ana iya samun kumfar iska a ciki, ko ɓawon sandar walda, mai kama da kashin maƙera, ya maƙale tsakanin layi da layi, ko kuma narkakken ƙarfen ya kwanta a kan bakin farantin ba tare da ya cinye shi ba. Wani lokaci tsaga ce siririya kamar gashi take ɓullowa bayan ƙarfe ya huce. A jikin ƙofar gida wannan ba ya kashe kowa, iyaka a kira mai walda ya sake ɗorawa. A jikin tukunyar tururi ko bututun man fetur ko gada, magana ce ta rayuka.

Misalin da malaman walda suka fi kawowa shi ne na dandamalin Alexander Kielland, wanda ma'aikatan haƙar mai ke kwana a kansa a tekun Norway. A ranar 27 ga Maris 1980 ɗaya daga cikin ƙafafunsa biyar ta ɓalle, ya kife, mutum 123 suka halaka daga cikin 212 da ke kansa. Da aka bincika sai aka gano cewa tsagar ta faro ne daga wani ɗan ƙaramin ɗinki mai kaurin milimita 6, wanda aka yi don maƙala wata na'urar sauraren sauti a jikin ƙarfen da ke tokare da ƙafar. An ma tarar da fenti a cikin tsagar, alamar cewa tun wajen ƙira take nan, kafin a shafa fenti. Ɗinkin ba ya cikin waɗanda ake ganin suna ɗauke da nauyi, shi ya sa ba a kula da shi sosai ba.

Saboda irin wannan ne manyan masana'antu suka daina dogara da ganin ido da kyakkyawan zato. Kafin a fara aiki sai an rubuta takardar ƙa'idar ɗinki, wadda aka fi sani da WPS, a bayyana irin ƙarfen da kaurinsa, da yadda za a fiƙe bakinsa, da irin sandar da za a yi amfani da ita, da ƙarfin wutar da za a sa wa inji, da yawan layukan da za a jera. Ana gwada ƙa'idar kanta a tabbatar tana ba da ɗinki mai ƙarfi, sannan a gwada mai walda a ga ko hannunsa zai iya bin ta. Littattafan dokokin da ke tsara wannan sun bambanta gwargwadon aiki. Na Ƙungiyar Injiniyoyin Injuna ta Amurka, wato sashe na 9 na dokokin ASME, shi ake bi a tukwanen matsi da bututun matatu, AWS D1.1 na Ƙungiyar Walda ta Amurka, wadda aka kafa a 1919, ya shafi ƙarafan gini da makamantansu; API 1104 na bututun da ke ratsa daji ne. A Turai da ƙasashe da dama kuma ma'aunin ISO 9606 ake bi.

4.0 Difloma daban, takardar gwaji daban

A nan ne ake yawan rikicewa, domin abubuwa biyu ne mabambanta ake kira da suna ɗaya. Na farko difloma ce ta ilmi da horo. Cibiyar Walda ta Duniya, IIW, wadda ƙasashe 13 suka kafa a 1948, ta haɗa kai da takwararta ta Turai suka tsara manhaja guda, ta yadda wanda ya yi kwas a Johannesburg da wanda ya yi a Jamus darasi ɗaya suka ɗauka, jarrabawa iri ɗaya suka zauna. Ga mai aiki da hannu akwai difloma mai hawa uku: mai haɗin kusurwa, sai mai haɗin faranti, sai mai haɗin bututu. Ga masu kula da aiki kuma akwai matakai huɗu, mafi girmansu shi ne Injiniyan Walda na Duniya, IWE, wanda ba a shiga kwas ɗinsa sai da digirin injiniya, kuma darussansa sun haura awa 400. Cibiyar ba ta koyarwa da kanta. A kowace ƙasa takan ba wata hukuma guda izini, ita kuma ta amince da makarantun da za su koyar. Irin wannan difloma ba ta da wa'adi.

A Nijeriya, Cibiyar Walda ta Nijeriya, NIW, ita ta wakilci ƙasar a IIW, kuma tare da ita Asusun Bunƙasa Fasahar Man Fetur, PTDF, ya gudanar da shirin horar da masu walda a kan manhajar ta duniya. Dokar 2010 da ta tanadi fifita 'yan ƙasa a ayyukan mai da gas ta ƙara wa wannan yunƙuri ƙarfi, tunda doka ba za ta tilasta wa kamfani ya ɗauki ɗan ƙasa ba idan babu ɗan ƙasar da ya ci gwaji. Tun da izinin hukumomi da makarantu abu ne da ake sabuntawa, kuma ana iya janyewa, wajibi ne mai niyyar biyan kuɗin kwas ya fara duba sunan makarantar a jerin da IIW ke wallafawa. Tambarin da aka buga a allon talla ba hujja ba ne.

Na biyu shi ne takardar gwajin hannu, kuma ita ce ake tambaya a ƙofar wurin aiki. Ba ta buƙatar mutum ya yi wata makaranta. Ma'aunin ISO 9606-1, wanda ya shafi ƙarfe, ya ba da shawarar a yi wa mai walda tambayoyi a kan sanin aiki, amma bai wajabta ba. Ke nan wanda bai taɓa shiga aji ba yana iya samun ta idan ɗinkinsa ya tsallake. Wannan albishir ne ga yaran shago, ko da yake da yawansu ba su san da shi ba.

4.1 Yadda gwajin yake

Ana ba mai walda faranti biyu ko guntayen bututu biyu da aka fiƙe bakinsu, a ba shi takardar ƙa'ida, mai jarrabawa kuma yana tsaye yana kallo. Shi zai duba katin shaidar mai gwajin, ya buga lamba a jikin ƙarfen don kada a musanya, ya tabbatar an kafa shi a yanayin da aka ayyana. Dole ne a tsaya aƙalla sau ɗaya a tsakiyar layin farko, da kuma a layin ƙarshe, sannan a sake tasowa daga inda aka tsaya, domin a mahaɗar nan aibi ya fi ɓuya. Idan an gama sai a fara da duban ido. In ya wuce, a ɗauki hoton cikinsa da na'urar hasken da ke ratsa ƙarfe, irin wadda ake duba ƙashi da ita a asibiti, ko kuma a yanko ɓangarori a lanƙwasa su a maƙata har su koma kamar harafin U. Tsagar da ta wuce milimita 3 a bayan lanƙwasar ta isa ta kayar da mutum.

Wanda ya ci, abin da za a rubuta masa layi ne na haruffa da lambobi, alal misali: ISO 9606-1 111 P BW FM1 B s12 PF ss nb. Kowane yanki iyaka ce. Lamba 111 tana nufin walda da sanda mai rufi, wadda kowa ya sani. Da 135 ce, da waya mai zuwa da kanta a ƙarƙashin iskar gas ke nan. 141 kuwa ita ce TIG, wadda ake yi da tsinken da ba ya narkewa da iskar argon. P faranti ne, T bututu. BW haɗin baki da baki ne, FW na kusurwa, kuma cin ɗaya ba ya ba da izinin ɗayan. FM1 rukunin ƙarfen cikon ne, B irin rufin sandar. Lamba 12 kaurin ɗinkin ne da milimita: wanda aka gwada a kan 12 ko fiye an sake masa duk kauri daga milimita 3 zuwa sama, amma wanda aka gwada a kan 5 iyakarsa 10. PF na nufin ɗinki a tsaye, ana hawa daga ƙasa zuwa sama. Haruffan ƙarshe suna cewa ta fuska ɗaya aka yi, ba tare da an tara wani abu a baya ba.

Yanayin da aka kafa ƙarfen shi ne ma'aunin da ya fi raba gwanaye. Ɗinki a kwance a kan tebur shi ne mafi sauƙi, saboda narkakken ƙarfe yana zama inda aka sa shi. A tsaye yana neman gangarowa, a bisa kai kuma yana neman ɗigowa a wuyan mai aikin. Mafi wuya shi ne bututun da aka kafe a karkace bisa kusurwar digiri 45, ba a juya shi, mai walda ne ke zagaya shi. Amurkawa suna kiran wannan 6G, a ma'aunin ISO kuma H-L045. A zagaye guda mutum zai yi na bisa kai, ya yi na tsaye, ya ƙare da na kwance, hannunsa na sauya kusurwa a kowane taƙi. Shi ya sa wanda ya ci shi ake sake masa kusan dukkan sauran yanayoyi, in ban da ɗinkin da ake gangarowa daga sama, kuma shi ya sa sunan 6G ya zama abin alfahari a bakin masu sana'a.

4.2 Masu duba ɗinki

Akwai wata hanyar ga wanda ya daɗe a sana'a ko ya yi karatu, wato aikin duba ɗinkin wasu. Takardu biyu suka fi shahara: CSWIP ta cibiyar TWI da ke Ingila, musamman matakinta na 3.1, da CWI ta Ƙungiyar Walda ta Amurka, wadda aka fara bayarwa a 1976. Jarrabawar CWI kashi uku ce, kuma sai an sami 72 cikin 100 a kowane kashi. Abin lura a sharuɗɗanta shi ne shekarun aiki suna maye gurbin karatu: mai takardar sakandare yana buƙatar shekara 5 a sana'a, wanda bai yi nisa a makaranta ba kuwa har 12. Ana kuma gwada ganin mutum na kusa, abin da ya kamata ya ja hankalin yaran da ke walda da baƙin tabarau na kasuwa, ko ma su kau da kai kawai idan wuta ta tashi.

5.0 Giɓin da ke tsakanin shagon Jimeta da wurin gwaji

Kuskure ne a ɗauka cewa abin da ya rage wa gwanin Jimeta kuɗin jarrabawa ne kawai. Giɓi na farko yana cikin irin aikin da kasuwa ta saba ba shi. Ƙofa da taga da gado ana yin su ne da bututu mai kusurwa huɗu da faranti marasa kauri, waɗanda in aka daɗe da wuta a kansu sai su huje. Don haka hannun mai walda ya saba da ɗigo-ɗigo, a taɓa a ɗaga, daga baya a goge a cike da abin toshe rami a shafa fenti. Wannan dabara ce da ta dace da aikin, ba kasawa ba ce. Amma gwaji yana neman kishiyarta: layi mai tsawo ba yankewa, a kan ƙarfe mai kauri, layi bisa layi, ana kankare ɓawo tsakanin kowane biyu, kuma ba a yarda a goge fuskar ɗinkin don a ɓoye aibi ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana ƙofofi yana iya faɗuwa a layin farko, yaron da ya yi wata shida a kan faranti mai kauri ya wuce.

Na biyu kayan aiki ne. Sandar da ta cika kasuwa ita ce E6013, mai sauƙin kamawa da kyan fuska, wadda ke aiki da kowane irin inji. Lamba 60 da ke farkon sunanta tana nuna ƙarfin ɗinkin, wato yana jure jan fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i. Manyan ayyuka kuwa sun fi amfani da E7018, wadda ta fi ƙarfi kuma ba ta saurin tsagewa, da sharaɗin kada rufinta ya sha danshi. Da zarar an buɗe gwangwaninta sai a ajiye ta a tanda mai zafin kimanin digiri 120, abin da ke da wuya a shagon da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, musamman da damina a bakin Binuwai. A aikin bututu kuma layin farko da E6010 ake yawan yin sa, ita kuwa ba ta aiki sai da wuta mai gudana ta fuska ɗaya, wadda injin naɗin gida da ake ƙerawa da wayar tagulla ko alminiyom ba ya bayarwa. Ƙananan injunan zamani marasa nauyi da suka yaɗu a 'yan shekarun nan sun rage wannan matsala. TIG ita ce har yanzu ta fi nisa, domin tana buƙatar tulun argon, ga shi matatu da masana'antun abinci ita suka fi nema.

Na uku harshe ne. A rumfunan Jimeta da Hausa ake koyarwa, ko da maigida Bafillace ne yaro kuma Bachama ko Kilba ko Margi, kalmomin aikin kuma na Ingilishi ne da baki ya sarrafa. Wannan ya wadatar ga nuni da kwaikwayo. Takardar ƙa'ida kuwa a rubuce take da Ingilishi, cike da alamomi da gajerun haruffa, kuma mai jarrabawa yana sa ran a karanta ta a bi. Abin da ake buƙata a nan bai kai koyon Ingilishi gaba ɗaya ba: kalmomi ne ƙididdigaggu da lambobi da zane, waɗanda malami mai jin Hausa zai iya fassara wa ɗalibai cikin 'yan makonni. Matsalar ita ce yawancin waɗanda suka iya karanta takardar a jami'a suke ba su riƙe sanda ba, waɗanda suka iya riƙe sanda kuma suna bakin titi. Kasuwar Panteka ta Kaduna ta nuna cewa ana iya haɗa su, tun lokacin da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, a zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje, ta shiga aiki da masu sana'ar kasuwar don a auna ƙwarewarsu a ba su takarda a ƙarƙashin tsarin shaidar sana'a na ƙasa da hukumar NBTE ke kula da shi. Takardar ta ƙasa ce, amma tana saba wa mutum da awo da rubutu da aiki a gaban mai jarrabawa.

Sai kuma nisa. Kamfanonin bincike masu zaman kansu da ake amincewa da sa hannunsu, irin su Bureau Veritas da SGS da Lloyd's Register, a Legas da yankin mai suka fi zama, haka ma Cibiyar Horar da Ma'aikatan Man Fetur da ke Effurun kusa da Warri. Daga Yola zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, ga kuɗin mota da masauki da na faranti da sandunan atisaye, ga shagon da aka rufe. Sai dai ma'aunin bai ce sai a wani gari za a yi gwaji ba. Abin da ya nema shi ne mai jarrabawa amintacce, da ƙa'ida rubutacciya, da wurin da za a auna ɗinkin. Idan masu neman gwaji suka taru da yawa, ɗauko mai jarrabawa guda zuwa ɗakin aikin wata kwaleja a Yola ya fi sauƙi a kan kwashe mutum ashirin zuwa kudu. Maƙatar lanƙwasa ƙarfe kuwa abu ne da masu waldar Jimeta za su iya ƙerawa da kansu da jak ɗin mota, su riƙa gwada ɗinkinsu kafin su biya kuɗin jarrabawa.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duka wuya ga mazaunin Adamawa, shi ne rayar da takardar bayan an same ta. A ƙarƙashin ISO 9606-1, duk wata shida sai mai kula da walda na wurin aiki, ko mai jarrabawa, ya sa hannu cewa mutumin yana ci gaba da irin wannan ɗinki. Bayan haka akwai sabuntawa, ko dai a sake gwaji bayan shekara 3, ko a auna ɗinki biyu daga cikin aikinsa bayan shekara 2. A tsarin ASME ma wanda ya yi wata shida bai taɓa irin waldar da aka gwada shi a kanta ba, izininsa ya faɗi, kuma a can kamfanin da ya ɗauke shi ne ke da alhakin gwada shi, don haka sauya kamfani kan jawo sabon gwaji. Ayyukan da ke buƙatar wannan hannu suna wasu wurare: bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ko matatar Dangote da ke Lekki, wadda aka buɗe a 2023. A kusa da gida akwai kamfanin sukari na Numan da gyaran tankokin mai da ƙarafan manyan gine-gine, amma ba kullum ake samun wanda ke da hurumin sa hannu a wurin ba. Ma'ana, matashin da ya ci 6G a watan Janairu ya dawo Jambutu ya ci gaba da ƙofofi, kafin watan Agusta takardarsa ta daina aiki, ko da tana nan sabuwa a cikin leda. Saboda haka tsarin da ya fi dacewa da shi shi ne ya yi horon a gida gwargwadon iko, ya riƙe littafin da yake rubuta kowane aiki da kwanan wata da irin sanda da kaurin ƙarfe, sannan ya ɗaga gwajin zuwa lokacin da ya san akwai aikin da za a ɗauki mutane a cikin watanni shida masu zuwa.